Yadda zaka sauke gaban tsohuwar motarka da kanka a gida

Tsofaffin motoci da yawa in ka koma gefe ka ƙare musu kallo zaka ga gaban a ɗage yake, tsakanin taya da bakin madigadi akwai sararin da hannu zai shige har ya juya. Wasu haka kamfani ya ƙero su saboda hanyoyin wancan zamanin, wasu kuma bayan ne ya zauna da tsufa sai gaban ya ƙara fitowa fili, wasu an canza musu inji an saka wanda bai kai na asali nauyi ba sai gaban ya tashi. Ko ma dai menene, in an sauke gaban da inci ɗaya da rabi ko biyu motar tana canza kama gaba ɗaya, kuma aiki ne da mutum zai iya yi a gida in yana da kayan aiki da natsuwa.

Amma ka riƙe wannan tun kafin ka ɗauko sifana ɗan uwa. Ƙafar mota tana da iyakar inda take motsawa sama da ƙasa, kuma duk abin da ka sauke daga cikin wannan wurin motsin ka yanko shi. In taya tana da damar shigewa sama santimita 9 kafin ƙarfe ya haɗu da robar da ke tare shi, ka sauke 5, toh saura 4 kenan ka bar wa motar tayi maganin rami da gargada da tudun rage gudu. Shi yasa rabin aikin nan awo ne, kuma shi yasa masu gaggawa motarsu ke yin kyau a hoto amma in ka shiga ƙugunka sai ya gaya maka.

Ka fara leƙa ƙarƙashi ka san irin ƙafar da kake da ita

Kala uku ne zaka fi haɗuwa da su. Akwai mai hannu biyu, na sama da na ƙasa, da sifirin mai zagaye a tsakanin hannun ƙasa da shasi, shokozoba kuma ya ratsa ta cikin sifirin ɗin, wannan shi ne a yawancin manyan motocin Amurka na shekarun 1960 da 1970 irin su Chevrolet. Akwai kuma sitirot, wato shok da sifirin a haɗe guda ɗaya, samansa ya ɗaure a jikin bodi a cikin bonet, irin na Peugeot 404 da 504. Na uku babu sifirin mai zagaye sam, sandar ƙarfe ce ake murɗawa ita ke ɗauke da nauyin, Chrysler da Dodge da Plymouth sun koma irinta tun 1957, Volkswagen Beetle ita ma haka take sai dai nata a gicciye yake cikin bututu biyu a gaba. Motocin Ford Mustang ta farko-farko kuma da Falcon nasu sifirin ɗin a kan hannun sama yake zaune, ka lura da wannan don dabarar jak da zan faɗa a ƙasa ba ta aiki a kansu.

Zan fi zama a kan mai hannu biyu don shi ya fi haɗari wajen kwancewa, sauran in taɓa su daga baya.

Kafin komai ka ɗaga motar ka girgiza taya sama da ƙasa, hagu da dama. In boljoin (mahaɗin hannu da ƙarfen taya) na motsi ko tayirod (sandar da ke kai juyin sitiyari zuwa taya) ya saki ko bushin (robar da hannu ke juyawa a kai) ya tsattsage, gyara su tukuna, don sauke mota yana canza yadda waɗannan abubuwan ke zama kuma wanda ya riga ya gaji ba zai jure ba. Tunda ma zaka kwance ƙafar ne ai lokacin canza su kenan.

Awo

Ajiye motar a daɓe mai daidai, iskar tayoyi daidai, mai a tanki kamar rabi, ka kwashe tarkacen da ke but. Danna gaban sau biyu uku ka saki ta zauna da kanta. Sai ka ɗauko tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, a miƙe sama, duka ɓangarori huɗu har da baya, ka rubuta. Kar ka auna daga ƙasa, iskar taya da lalacewarta na ɓata lissafin. In hagu da dama sun bambanta da ƴan milimita ba komai, in kuma ya kai santimita biyu toh akwai sifirin da ya gaji ko wani abu ya lanƙwashe, ka binciko shi.

Akwai awo biyu kuma da mutane ke tsallakewa, su ne ke gaya maka nawa zaka rage. Na farko, a jikin hannun ƙasa ka auna daga inda yake juyawa a jikin shasi zuwa tsakiyar kujerar sifirin, sannan daga wurin dai zuwa boljoin. Misali na farko ya baka santimita 20 na biyu 40, ma'ana sifirin a tsakiyar hannu yake, toh duk milimita ɗaya da ya ragu a sifirin milimita biyu ne a taya. Na biyu, motar na tsaye da nauyinta ka zura hannu da ƙaramin ma'auni ka auna daga tsakiyar zagaye ɗaya na sifirin zuwa tsakiyar na kusa da shi. In ya baka milimita 30, yanke zagaye ɗaya cur zai rage kusan 30 a sifirin, wato kusan 60 a taya, kaga rabin zagaye kaɗai ya isa ya sauke ta 30. Waɗannan lambobin misali ne kawai, naka ka auna a motarka. A sitirot abin ya fi sauƙi don kusan ɗaya da ɗaya ne, abin da ya ragu a sifirin shi ne kusan abin da zaka gani a taya.

Ta wace hanya zaka sauke

A ganina hanyar da ta fi ita ce ka sayi sifirin da aka ƙera gajere musamman don motar, yana zuwa da ƙarfin da ya dace da gajartarsa, bakinsa kuma zai zauna a kujera yadda ya kamata, ka adana na asalin a gefe don ranar da zaka so mayar da motar yadda take ko sayar da ita, masu son tsohuwar mota da yawa na asali suke nema. Yankan na asali shi ma yana yi in an yi shi da hankali kuma kaɗan. Wasu motocin ana samun sifindil na saukewa, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kai an matsar da shi sama, shi wannan yana sauke mota kamar inci biyu ba tare da ya taɓa wurin motsin ƙafa ba, sai dai yana tura boljoin da hannun ƙasa kusa da ƙasa da kuma cikin rim, dole ka tabbatar rim ɗinka zai ɗauka.

Abin da ba zaka yi ba ko da wasa shi ne ka sa wa sifirin wutar walda ya yi ja ya zauna. Ƙarfen sifirin da zafi aka gyara shi a kamfani, in ka sake gasa shi ka kashe shi, zai ci gaba da zama ba tsari, hagu daban dama daban, wata rana ya karye a kan hanya. Haka ma ɗaure zagaye biyu da kilam, ka bar wannan.

Kayan aiki: jak mai taya, ƙafafun tokare na ƙarfe guda biyu ko huɗu, weji, soket da sifana, guduma babba, filaya, abin fitar da boljoin, sifanar tok mai auna ƙarfin ɗauri, abin matse sifirin wanda ya dace da irin ƙafarka, sarƙa mai kauri da bol da noti, waya, alli, gilashin kare ido, sabbin kota fin (ƴar wayar da ke kulle noti kar ya kwance), da littafin motar don adadin ɗaurin kowane noti. Motocin Amurka da tsofaffin na Ingila yawanci sifanar inci suke ci, na Faransa da Jamus da Japan milimita, kar ka tilasta wadda ta kusa daidai ka cinye kan noti. Tun ana gobe aiki ka feshe duk notin da zaka taɓa da man jiƙa tsatsa.

Kwancewa

Sa birkin hannu, sa giya, weji gaba da bayan tayoyin baya. Sassauta notin wili tana ƙasa. Af, wasu tsofaffin motocin Chrysler har wajen 1970 notin ɓangaren hagu baibai yake kwancewa, zaka ga harafin L a kan bol ɗin, ka duba kafin ka hau kai da ƙarfi ka karya. Ɗaga gaban ka tokare a ƙarƙashin shasi, ka ɗaga sosai don hannun ƙasa sai ya sauko ƙasa da yawa kafin sifirin ya saki, in ka yi ƙasa-ƙasa zaka maƙale a tsakiyar aiki. Bulo ko tarin katako ba abin tokare mota ba ne, jak shi kaɗai ma haka. Girgiza motar da ƙarfi ka ga ba ta motsi sannan ka cire taya, ka tura tayar ƙarƙashin shasi ta zama kariya ta biyu.

Ɓangare ɗaya zaka yi ka gama kafin ka taɓa ɗayan, in ka manta yadda wani abu yake sai ka zagaya ka duba. Ɗauki hoto da waya, sa alli a inda bakin sifirin ya ƙare a cikin kujerarsa.

Cire ɗan sandan da ya haɗa stabilaiza da hannun ƙasa. In birkin faifai ne cire kalifa, wato abin da ke damƙe faifan, ka rataye shi da waya a jikin shasi, kar ka bar shi yana lilo a jikin tiyo. In diram ne kana iya barinsa a jiki amma ka lura kar tiyon ya ja, kuma ƙurar da ke cikin tsohon birki kar ka hura ta da iska, tsofaffin birkuna da yawa akwai asbestos a ciki, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa ya ɗan ɗauki nauyi, kwance shok sama da ƙasa ka zaro shi ta ramin da ke ƙasan hannun.

Yanzu aka zo wurin da ake jin ciwo. Sifirin ɗin nan ko da taya na rataye a matse yake, ɗaruruwan kilo ne a cikinsa, kamar tarko yake a ɗane, in ya kuɓuce ba ka da lokacin kaucewa. Ta ramin da shok ya fita ka zura abin matsewa na ciki, ƙugiyoyinsa su kama zagaye da kyau, ka shafa wa zarensa giris, ka matse da hannu a hankali, kar ka sa masa injin bugawa. Ko kana da abin matsewa ko ba ka da shi ka ratsa sarƙa ta cikin sifirin ka zagayo da ita jikin hannun ƙasa ka kulle da bol, ka bar mata ɗan sako-sako yadda sifirin zai miƙe amma ba zai iya tashi ba.

Zare kota fin na boljoin ɗin ƙasa, sassauta notin kamar zagaye biyu uku amma kar ka cire shi, shi ne zai tare. Sauke jak kaɗan yadda zai bar ɗan sarari kamar faɗin yatsa a ƙarƙashin hannun. Sai ka daki gefen ƙarfen da boljoin ya shiga da guduma, gefe fa, kar ka daki kan zaren, ko kayi amfani da abin fitarwa. Zaka ji ƙara tau, ya saki kenan, notin ya riƙe. Ɗaga jak har nauyi ya bar notin, in ka ji yana juyawa da yatsa toh jak ya karɓa, cire shi. Ɗaga sifindil ɗin da hannun sama ka sa katako tsakanin hannun da shasi ko ka ɗaure da waya ya tsaya a gefe.

Juya jak ɗin yadda kai zaka tsaya ta gaban mota, don sifirin in zai fita ta gefe yake fita, wajen da taya take. Kowa ya matsa daga wannan layin. Sauke jak a hankali a hankali, kana kallo, har hannun ya sauko sifirin ya saki. Ka taɓa shi da dogon ƙarfe tukuna, in yana motsi sako-sako sannan ka sa hannu. In hannun ya kai ƙasa sifirin bai saki ba kar ka ɓamɓaro shi da ƙarfi, mayar da jak ka ƙara matsewa. Wani abu kuma, in an cire injin motar wannan dabarar ba ta yi, motar ta yi sauƙi, jak zai ɗaga ta daga kan tokare maimakon ya matse sifirin, a nan abin matsewa ne kawai.

Gwajin da zai gaya maka gaskiya

Sifirin ya fita, kar ka yi saurin saka sabo. Mayar da boljoin ka ɗaura notin da hannu, saka shok, saka taya da noti biyu, ka ɗaga hannun da jak ba sifirin har ya taɓa robar tarewa. Auna daga tsakiyar wili zuwa madigadi. Cire wannan daga awonka na farko, abin da ya rage shi ne duk wurin da kake da shi. Ni dai ba na son a bar ƙasa da santimita 5 bayan an sauke in motar ta hawa ce kullum, in lissafi ya nuna ba zai kai ba ka rage burin ko ka nemi sifindil na saukewa. Tana nan a sama ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kana juya tayar da hannu, ka saurara ko tana gogar bakin madigadi ko cikinsa ko shasi, ka duba tiyon birki bai matse ba bai ja ba, ka duba boljoin na sama bai kai ƙarshen juyawarsa ba. Sannan abu mai muhimmanci, robar ce ya kamata ta fara tarewa kafin shok ya ƙure. In shok ne ke ƙurewa da farko zai mutu da wuri har ya iya fasa mazauninsa, sai ka nemi gajere. Robar tarewa ana iya rage mata kaɗan ko a sa gajeruwa, amma cire ta gaba ɗaya a'a.

In yanka zaka yi

Duba bakin sifirin biyu. Wanda za a iya yankewa shi ne bakin da zagayen ya ƙare haka nan a buɗe kamar an datse shi. In bakin ya tsuke ya zama ƙarami, ko an danne shi an goge ya zama shafaffe, wannan bakin ba a taɓa shi don ba zai sake zama a kujera ba, in duka biyun haka suke toh yanka ya fita, sayi sabo. Sannan ka duba kujerun, in sama da ƙasa duk suna da ɗan matakin da bakin sifirin ke tsayawa, yankan rabin zagaye zai sa ɗaya ya zauna ɗaya ya kauce, a irin wannan sai dai zagaye cikakke. In saman shafaffe ne yana juyawa ko ina, rabi ko kwata duk zai yi.

Sa alli, ɗaure sifirin a bais, yanka da giranda mai siririn faifai, kana tsayawa kana barin wurin ya huce ko ka zuba ruwa, goge kaifin bakin, shafa fenti don tsatsa. Ka yanka ƙasa da abin da lissafi ya baka, in ya ce rabi fara da abin da bai kai rabi ba, ƙari yana yiwuwa amma mayarwa babu. Hagu da dama daidai wa daida. Ka sani kuma yanka yana ƙara wa sifirin tauri, mai zagaye 8 masu aiki in ka cire ɗaya ya ƙara tauri da kusan kashi 14 cikin 100, wannan ɗan taurin yana taimakawa tunda wuri ya ragu, amma bai cika kai yadda ake buƙata ba in an sauke da yawa, shi yasa in ya wuce zagaye ɗaya ni sai in ce a bar yanka.

Mayarwa

Saka robar da ke saman sifirin in akwai, ɗan sele zai riƙe ta kar ta faɗo. Zaunar da saman a raminsa, juya ƙasan har bakin ya tsaya a matakinsa, mayar da sarƙa, ɗaga jak a hankali kana kallon sifirin yana shiga daidai, har boljoin ya shiga. Ɗaura noti da sifanar tok yadda littafi ya ce, in ramin kota fin bai zo daidai ba ka ƙara ɗaurewa kaɗan har ya zo, kar ka koma baya, kuma sabon fin zaka sa. Cire abin matsewa da sarƙa, mayar da shok da kalifa. Saki jak ƙafar ta rataye gaba ɗaya ka kama sifirin ka girgiza, in yana yawo a wurin toh ya yi gajarta, wata rana mota tayi tsalle zai fita daga kujera, maganinsa shok gajere da zai hana ƙafar saukowa da yawa.

Yi ɗaya ɓangaren, sannan ka haɗa stabilaiza don ya fi shiga in duka biyun suna tsayi ɗaya. Sassauta bol ɗin bushin na hannun sama da na ƙasa, saka tayoyi, sauke motar, kuma ka sa katako a ƙarƙashin tayoyin kafin ka sauke in ba haka ba jak na iya maƙalewa tunda yanzu ta yi ƙasa. Tura ta gaba da baya ƴan mitoci, danna gaban, sai tana tsaye da nauyinta sannan ka ɗaure bol ɗin bushin. Dalili kuwa robar bushin murɗawa take yi ba juyawa ba, in ka ɗaure ta ƙafa na rataye, ko ka bar ta a ɗaurin tsohon tsayi, zata zauna a murɗe kullum, ta riƙe motar sama kuma ta yage da wuri. Mutane da yawa da ke cewa sun sa gajeren sifirin motar ba ta sauka ba wannan ne matsalarsu, su kuma sai su je su ƙara yanka.

Sitirot da sandar murɗawa

A sitirot gaba ɗayansa zaka ciro, notin da ke riƙe shi a bodi ka kwance, amma babban notin tsakiya kar ka taɓa shi sai ka matse sifirin da abin matsewa na waje guda biyu, ɗaya nan ɗaya can suna kallon juna, kana ɗaure su bi da bi har sifirin ya saki kujerarsa. Kan sitirot ɗin ya kalli bango, kar ya kalli kai ko wani. Jera abubuwan da ka cire a ƙasa bi da bi yadda suka fito. Shi sitirot wurin motsinsa dama ba yawa, yana saurin ƙurewa, don haka santimita 3 zuwa 4 ya wadatar in ba zaka canza shok ba.

Sandar murɗawa irin ta Chrysler ita ce mafi sauƙi, akwai bol na daidaita tsayi a kowane ɓangare. Goge zarensa ka sa mai, ɗaga motar nauyi ya bar ƙafar, sa alli, sassauta shi kana ƙirga zagaye, yi wa ɗayan daidai haka, sauke, tura, auna, maimaita. Ka lura kar bol ɗin ya kusa fita daga zarensa. In ka zare sandunan saboda wani dalili kar ka musanya su, ta hagu daban ta dama daban. Beetle kuma ba ta da wannan bol ɗin, sai dai a yanka bututun a yi waldar abin daidaitawa a tsakiya, ko a sayi bututun da aka riga aka yi masa, ko sifindil na saukewa wanda yawanci inci biyu da rabi yake bayarwa. Waldar nan in ba gwani ba ne kai wa gwani, gaban motar gaba ɗaya a kanta yake rataye. Ka san kuma shekarar motarka kafin ka sayi kaya, don daga samfurin 1966 aka koma boljoin, na baya da shi tsarin fin ne, kayansu ba ɗaya ba, samfurin 1302 da 1303 kuma sitirot gare su. Masu zare ƴan ganyen ƙarfen da ke cikin bututun don ta sauka, laushi kawai suke ƙara mata ta riƙa bugawa.

Bayan ta sauka

Kafin ka motsa ko ina taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Kwanta ka leƙa, ka ja layi da ido daga ƙasan rim na hagu zuwa ƙasan rim na dama, bai kamata wani ƙarfe ya sauko ƙasa da wannan layin ba, don ranar da taya ta fashe rim ne ya kamata ya taɓa kwalta, in hannun ƙasa ko kaskon baƙin mai ko salansa ne ya fara taɓawa sitiyari ya fita daga hannunka.

Alaimen dole ne, ba zaɓi. Sauke ƙafa yakan canza yadda saman tayoyin ke kwantawa ciki ko waje, yana canza yadda bakinsu ke kallon juna, kuma wannan na biyun shi ke cinye taya cikin ɗan lokaci. Akwai kuma kasta, wato ɗan kwanciyar da layin juyawar tayar gaba yake yi zuwa baya, tunda gaba kaɗai ka sauke motar ta duƙa, mota mai tazarar mita 2.7 tsakanin tayar gaba da ta baya in ka sauke gabanta santimita 5 ta yi asarar kusan digiri ɗaya, alamarsa sitiyari ya yi sauƙi fiye da kima, ba ya dawowa tsakiya da kansa, motar na yawo in an yi gudu. A mai hannu biyu da ƴan faranti da ake cusawa a bayan hannun sama ake gyarawa, a Beetle kuma akwai shim, wato ɗan siririn ƙarfe, da ake sawa a bayan bututun ƙasa. In wurin alaimen da nisa ka fara gyara to-in, wato yadda bakin tayoyin ke kallon juna, da tef, auna tsakanin tayoyin ta gaba da ta baya a tsayi ɗaya ka kawo su kusan daidai, wannan na kai ka can ne kawai. Fitilu ma yanzu ƙasa suke kallo, ka tsaya gaban bango da dare ka ɗaga su. Wasu ƙasashen kamar Jamus sai an duba irin wannan canjin an amince da shi kafin a hau titi, kamfanin inshora ma yana iya son a sanar da shi, ka bincika dokar inda kake.

Gwajin farko a hankali, gilashi a buɗe, rediyo a kashe, ka juya ƙarshe hagu da dama, ka taka birki, ka bi ta kan ɗan tudu kana saurare. In sitiyari na fizgewa duk lokacin da taya ɗaya ta hau wani abu, tayirod ne ya daina tafiya layi ɗaya da hannun ƙasa, alamar an sauke fiye da abin da ƙafar ke ɗauka kenan. Dawo ka duba gefen taya da cikin madigadi ko akwai wurin da ya yi sheƙi na goga. Sabon sifirin yakan ƙara zama kaɗan bayan an hau, don haka ka ba ta kamar sati biyu kana hawa, sannan ka koma daɓen da ka fara awo ka sake aunawa, ka bi notin wili da na shok da na boljoin ka tabbatar, in har lokacin kana ganin da saura sai ka rage kwatan zagaye, in ka rage kuma alaimen ɗin sai an sake.